Bargon da Na Bi da Keke

Na fi shekara ashirin ina taka keken ɗinki, kuma duk wanda ya ce mini ɗinkin hannu ya fi albarka, sai na tambaye shi ko ya taɓa yin wata guda a sunkuye a kan abu ɗaya. Yawancin masu faɗar haka ko zira zare a allura ba su iya ba. Ni kuwa na san abin da allura ke yi wa mutum. A gidanmu na gani, a wani ƙauye kusa da Makoda, inda kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ta ƙarar da idonta a kan ɗinki.

Bargon ƙyalle Iya take yi. Takan ninka tsofaffin zannuwa uku ko huɗu, ta jera ƙyallayen atamfa a sama, ta bi su da allura layi-layi har su haɗe su zama abu ɗaya mai nauyi. Bargo ɗaya sai ya ci mata wata biyu. Lokacin ɗari, da an idar da sallar isha'i, akan hura wutar kara a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta, kowa na ƙoƙarin cusa ƙafarsa ƙarƙashin bargon da ke kan cinyarta. Tana tatsuniya tana ɗinki, da yatsa take lalubar layin. Wanda ya cika motsi kuwa ya sha ranƙwashi.

Shekarar da wake ya yi kyau, Baba ya kai nasa kasuwar Dawanau, ya dawo wa mahaifiyata, Inna, da keken ɗinki. A wannan ɗarin ne Iya ta fito da wata sabuwar tatsuniya, ta kuma riƙe ta kamar babu wata.

"To, ga ta nan tafe," in ji ta, "mai gyangyaɗi ya ba wani wuri."

Wai wata mace ce mai suna Ta-Gaggawa, wadda ko tuwo ba ta bari ya nuna. Ta je ɗebo ruwa sai wani baƙo ya ba ta tsuntsun ƙarfe. In an aje masa ƙyalle, sai ya yi ta saran sa da baki, kafin a tafasa ruwa ya ɗinke bargo. Cikin kwana bakwai ta yi wa duk garin barguna, layinsu a miƙe, gwanin sha'awa. Mutane suka juya wa wata tsohuwa mai ɗinkin hannu baya, har yara na yi mata dariya. Da ɗari ya sauka, kowa ya ja sabon bargonsa, amma sanyi ya yi ta ratsawa kamar ba a rufa da komai ba. Jarirai suka kwana kuka. Da safe gari ya taru a ƙofar tsohuwar ana tambayar dalili.

Nan Iya takan tsaya ta ciji zare, sai mun roƙe ta sannan ta ci gaba.

"Tsohuwa ta ce musu, ai bargo ba shi da ɗumin kansa. A cinyar mai ɗinki yake tara shi, kwana da kwanaki, sannan ya riƙa sakar wa mai rufa kaɗan-kaɗan. Shi tsuntsun ƙarfe ina ya ga cinya?"

Sai mu kwashe da dariya, a jefa tsuntsu a rijiya, tatsuniya ta ƙare. Ina shekara tara lokacin, ban lura cewa duk sanda aka zo kan tsuntsun, Iya kan ɗaga murya ta karkata fuska wajen ƙofar ɗakin Inna ba. Ban kuma lura cewa daidai nan ƙarar keken ke ƙaruwa daga ciki ba. Sai da na yi wayo na gane habaici ne, aka yi ta yin sa a kan kawunanmu shekara da shekaru. Da na gane, na ji haushin Iya ƙwarai. Keken nan shi ya yi mana sutura, shi ya riƙe gidan a shekarun da gona ta ƙi. Inna kuwa ko sau ɗaya ba ta tanka ba, don ba a mayar wa suruka magana.

Iya ta daɗe da rasuwa. Baba ma ya bi ta. Yanzu Inna tana wurina, yanar ido ta rufe mata gani, ba ta bambance komai sai haske da duhu. Na saya mata barguna na kanti masu laushi, ta ƙi su, sai bargon ƙarshe da Iya ta bari. Ya tsufa, gefensa ya zazzage, zare ya saki a wurare da yawa. Ɗarin bara na gaji da ganinsa haka. Wata rana tana shan hantsi na ɗauke shi, na ɗora a keke, na bi shi kaf da layi miƙaƙƙe, na yi masa sabon baki. Kafin la'asar na gama, ina ta jin daɗin kaina.

Na shimfiɗa mata a cinya. Ta shafa tsakiya, ta shafa gefe, ta koma tsakiya. Da yake ni ce 'yar fari ba ta kiran sunana.

"Ke, me kika yi masa?"

"Gyara na yi, Inna. Da keke na bi shi, yanzu sai ya ƙara shekara goma."

"To ina ɗinkina?"

Na ɗauka tsufa ne ya rikita ta. Na ce, "Ɗinkin Iya dai."

Na fara tattara bargon, sai ta riƙe shi ta faɗa mini abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Lokacin da Iya ke wannan bargon idonta ya riga ya tafi. Layinta ya riƙa karkacewa, wani wurin ma allurar ba ta kama ninkin ƙasa ba. Kullum bayan asuba, kafin tsohuwar ta fito, Inna kan ɗauko shi ta warware abin da aka yi jiya, ta sake ɗinkewa da hannu, tana kwaikwayon tazarar Iya. Da hantsi kuma Iya ta baje shi gaban maƙwabta tana cewa a nuna mata keken da zai yi irin wannan.

"Kuma kika ƙyale ta?" na tambaya. Har ga Allah raina ya ɓaci.

"Me ya rage mata in ba shi ba? Mace ta ga an kawo ƙarfen da ke yin aikinta na wata biyu a yini ɗaya, a gidan ɗanta. Tsoro take ji, ba ƙiyayya ba ce."

"Ba ta taɓa ganewa ba?"

"Idonta ne ya mutu, ba yatsunta ba. Wata safiya ta shafa, ta ce, 'Yar nan, ki rage jan zaren, zai tsinke. Daga nan ba mu sake maganar ba."

Ashe abin da take laluba kenan duk dare: nan hannun Iya, nan nata, nan inda suka haɗu. Ni kuma na bi ta kai na shafe a yini ɗaya. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yarinya.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina warwarewa da reza, kayan mutane jibge suna jirana, masu su na aiko da baƙar magana. Ɗinkin keke matsattse ne, tsohon zani ba ya jure shi. Wurare da yawa tsohon zaren ya fito tare da nawa, wasu ƙyallayen suka yage a kan layin huda. Kusan rabin abin da suka yi su biyu ya tafi, kuma ba zai dawo ba.

Har yau ban yarda cewa bargo na tara ɗumi a cinya ba. Ninki ne ke hana sanyi, ko wa ya ɗinka, kuma gobe ma keke zan taka don da shi nake ci. Abin da na yarda da shi kawai shi ne, na saurari tatsuniyar nan sau ba adadi ina dariyar tsuntsu, ban taɓa jin tsohuwar da ke roƙon kada a manta da ita ba. Inna da ke bayan ƙofa, wadda ake yi dominta, ita ce ta ji.

Wuraren da suka farke dole na cike su da hannu. Bayana na ciwo, yatsana duk huda, ɗinkin kuma ya fito a karkace. Da na gama layin farko na miƙa mata, ta bi shi da yatsa tun daga farko har ƙarshe.

"Wannan ba nata ba ne, ba kuma nawa ba ne," ta ce. "Ɗinkin ma bai yi kyau ba."

"In warware?"

Ta ja bargon ta rufe ƙafafunta.

"Bar shi. Aƙalla in na taɓa zan san ke ce."