Zoben Baba a Ƙofar Mota

Wani tsohon mai fentin mota a Sabon Gari ya shafa ƙofar direba, sai ya tsaya cak.

Kafin 'yancin kai ne, ina yarinya. Baba ya rasu, ni da Yaya Sani muka kawo koɗaɗɗiyar motarsa daga Fagge a sake mata fenti.

Mutumin bai taɓa ganin Baba ba, amma ya ce, "Mai motar nan dogo ne, yana sa zobe, yana ƙwanƙwasa ƙofa in yana tuƙi. Ga gurbin."

Wallahi haka Baba yake yi in yana salati!

Yaya ya share hawaye. "Dattijo, goge ta kawai. Kar fenti ya taɓa nan."

Ku fa, wace alama naku suka bari da kuka kasa shafewa?