Babban Yatsan Ubale

Duk wanda ya hau keke tsakanin Kiru da Tudun Wada a shekarun baya ya san Ubale mai faci, wanda ke zama gindin tsamiya a Kwanar Dangora. Ba ya sa wa taya iska sai ya yi maka tambayar alƙali: ina za ka, me za ka ɗauka? In kwalta za ka bi, ya cika ta tam. In hanyar rairayi ce, ga kaya ga rana, sai ya bar ta da ɗan laushi. Babban yatsansa ne ma'auninsa, kuma yana ji da yatsan nan fiye da yadda wasu ke ji da gonarsu.

Shekara biyu bayan ruwan Tiga ya ci ƙauyuka, sai ga Hamidu, ɗaya daga cikin waɗanda aka tasa, ya kafa rumfa a tsallaken titi. Ya zo da famfon ƙafa mai agogo, ana bugawa allura na motsi. Mutanenmu da son kallo! Har wanda tayarsa lafiya lau sai ya sace iskar don ya ga allura ta yi rawa.

Ubale ya ce baƙo raɓa ne. Raɓa dai ta ƙi bushewa. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ko gaisuwar Hamidu ciki-ciki yake amsawa. Mutum ɗaya ya rage masa, Garzali mai kifi, wanda ke ɗauko kifi daga bakin dam yana kaiwa kasuwannin ƙauye. Muddin Garzali na zuwa, Ubale na ganin har yanzu da sauransa.

Ran wata Talata sai ya hangi keken Garzali a rumfar Hamidu, kishi ya turnuƙe shi. Da aka gama, Garzali ya turo keken, kwando shaƙe da kifi, ya jingine shi a tsamiya.

"Baba Ubale, a kula mini da shi, zan yi azahar," in ji shi, yana sunkuyar da kai.

Yana ba da baya Ubale ya danna tayar baya. Dutse! Da wannan nauyi, da wannan rana, da tsohon facin da shi da kansa ya yi, ba za ta kai rabin hanya ba. Daɗi ya kama shi: ta fashe, kifi ya ruɓe a daji, gari ya ji aikin agogo. Ya koma ya zauna. Ya tashi, ya sake dannawa. Ya tuna kwandon nan shi ne tuwon gidan Garzali. Ya ja tsaki, ya sassauta bawul, ya rage iska har yatsan ya gamsu. Bai gaya wa kowa ba, don wa zai faɗa cewa ya taɓa keken mutum yana salla?

Washegari Garzali ya tsaya wurin mai shayi, cikin jama'a, ya ɗaga murya.

"Wallahi agogon Hamidu ba ya ƙarya! Shekara goma ina hawan keken nan, ban taɓa jin daɗin hanya irin na jiya ba."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ubale na gefe da kofin shayinsa, komai a kunnensa.

Garzali ya juyo gare shi cikin ladabi. "Baba, da kai ma ka nemi irinsa."

Ya tura kekensa ya tsallaka titi, kuma tun daga ranar a rumfar Hamidu kekensa ke shan iska.