Hafirin da Baba Ya Bayar

Mahaifina ya sare daji da hannunsa a hanyar Showak tun ba a haife ni ba. Matafiyin Makka ne da guzuri ya ƙare masa a ƙasar Gadarif, ya tsaya neman na gaba, sai ya yi aure, sai ga mu. Inda ya sauka babu komai sai ƙaya. Ya yi ta sara yana ƙonawa har ya fitar da gona, kuma a wurin mutanenmu magana ta ƙare ke nan: wanda gatarinsa ya buɗe wuri, wurin nasa ne. Haka ya baro ana yi a garinsu, bai taɓa kawo wa ransa akwai ƙasar da ba haka ake yi ba.

Wanda bai zauna Gadarif ba bai san ƙishi ba. Da damina laka ce baƙa mai ƙwace wa mutum takalmi, da rani kuwa ƙasa ta dare har ƙafa ta shige. Abin dogaro shi ne hafir, wato babban rami da ake haƙawa ya tara ruwan sama. Baba ya kira gayya aka haƙa ɗaya a gindin gonarsa.

A lokacin manyan gonakin tarakta, waɗanda muke kira mashru, sun fara cinye daji ta kowane gefe. Tarakta tana shuka, amma ba ta yankan riɗi. Wannan sai hannu. Shi ya sa duk kaka sai ga jungo, 'yan ƙwadago masu bin girbi, lauje a kafaɗa, suna wucewa ta bakin gonarmu leɓɓa a bushe. Masu mashru kan aika musu ruwa a duro, in sun tuna. Wata shekara aka tsinci ɗaya daga cikinsu kwance a gindin ƙaya, ya cika, saura kaɗan ya iso hafirinmu. Baba ne ya yi masa wanka. Ranar bai ci abinci ba.

Juma'ar da ta biyo baya ya miƙe a masallaci ya ce jama'a su shaida, ya fitar da gonar da hafirin daga dukiyarsa. Wakafi ne saboda Allah, ba sayarwa, ba gado. Ruwan na duk mai wucewa ne, dawar gonar kuma a tuƙa wa jungo. Ya ɗora ƙanensa, Baffana, a kan kula da su. Liman ya sa albarka, ya ce wakafi ya tabbata, ladansa kuma zai yi ta bin mai shi har cikin kabari muddin ana amfana.

Da Baba ya rasu, wannan maganar Inna ta riƙe. Ba mace ce mai yawan kuka ba. Sai dai in ta hango jungo durƙushe a bakin hafir suna kurɓa da tafin hannu, ta tsaya da abin da take yi ta ce, "Ga shi can yana isa wurin Malam." Haka take kiran mijinta, yana raye da bayan ransa.

Ni na riga na koma kasuwar hatsi ta Gadarif ina ɗinkin buhuna lokacin da Baffa ya zo mini da labari. Masu awo sun zo sun kafa turaku, an yanka wa wani tajiri sabon mashru, gonar da hafirin duk sun faɗa ciki. Mai gadinsa har ya fara korar mutane, wai ruwan na taraktocinsa ne da ma'aikatansa.

Muka kai ƙara da ƙarfin gwiwa, don shaidunmu sun cika mota. Inna ta ce sai ta je. Larabcinta na cefane ne, saboda haka ni na zauna kusa da ita ina mayar mata da abin da ake faɗa.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya. Da ya yi mana tsawa da na fi jin daɗi, don da na sami wanda zan tsana. Ya saurari kowa, sannan ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce kafin wakafi ya inganta sai mai bayarwa yana cikin hankalinsa da lafiyarsa, kuma Baba yana ciki. Sai lafazi ya fito fili a gaban shaidu, kuma ya fito. Sai an san masu amfana, kuma an sani. Inna tana ta gyaɗa kai ina fassarawa. Saura sharaɗi ɗaya, in ji shi: abin da aka bayar ya zama mallakin mai bayarwa. A dokar ƙasar nan kuwa, filin da ba a yi wa rajista da sunan kowa ba na hukuma ne. Baba yana da ikon noma shi, ba shi da ikon kyautar da shi, ko da ga Allah ne.

Baffa ya miƙe. "Maulana, da gatarinsa ya sare wurin nan. Ina gun. Wallahi har ya mutu hannunsa ba ya dunƙuluwa."

"Na yarda da kai, ya Hajj," in ji alƙali. "Amma mutum ba ya yin wakafi da abin da ba nasa ba."

Ya yanke cewa wakafin bai ƙullu ba tun daga ranar farko. Wannan kalmar ce na kasa fassarawa. Da ya ce ya ƙare yau, da sauƙi. Inna ta taɓa ni. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana.

"Kai wannan, me ya ce?"

Na faɗa mata. Sai ta ce, "Tambaye shi. Ruwan da aka yi ta sha shekara da shekaru, an rubuta wa Malam ko ba a rubuta ba?"

Na tambaya. Alƙali ya cire tabarau ya murza idonsa. Ya ce, "Allah Karim, ya Hajja. Wannan ba a gabana ake yanke shi ba."

Gaskiya ya faɗa, na sani. Amma abin da Inna ta ji shi ne bai ce eh ba. Bayan mun koma liman ya zo har gida ya yi mata nasiha cewa Allah niyya yake dubawa. Ta saurare shi da ladabi a bayan labule. Da ya fita ta ce, "Ai shi ne ya ce mana wakafin ya tabbata."

Na ɗauko ta na dawo da ita Gadarif wurina, don zama a can ya gagara. Ta rame, ta rage magana. In motocin jungo suka wuce ta bakin layinmu lokacin riɗi, sai ta shige ɗaki. Har yau in na tuna zaman nan nata raina ɓaci yake yi, kuma ban san wa zan ɗora wa ba.

Wata rana ta kwance bakin zanenta ta aike ni in sayo randa, irin wadda ake ajiyewa a ƙofar gida don masu wucewa. Na kawo, na share wuri a gindin katanga zan girke ta.

"Tsaya," in ji ta. "Randar nan tawa ce?"

"Taki ce, Inna. Ke kika saya."

"Ruwan fa?"

"Shi ma saye muke yi wurin mai jaki."

"To ƙasar da za ka ɗora ta a kai, ta wace ce?"

Unguwarmu ma ba a yi mata rajista ba.

Ta sa na je wurin maƙeri ya ƙera zobe na ƙarfe da sarƙa, muka rataye randar a reshen dalbejiyar ƙofar gida. Na yi niyyar ce mata ai itacen ma a ƙasar yake tsaye, na haɗiye. Ta kira maƙwabta biyu suka shaida ta ba da ita wakafi, ladan na Malam.

Ita take cika ta da kanta har ƙarfinta ya ƙare, sannan na karɓa. A ciwonta na ƙarshe ba ta ba ni wasiyyar komai ba, ko ta zannuwanta. Kullum dai in na shigo da safe sai ta ɗago kai ta tambaye ni ko na duba sarƙar, kada randar ta taɓa ƙasa.