Direban da Ya Taka Mini Birki

Bana shekara goma sha biyar ke nan da muka kai Sa'idu Direba makwancinsa. Ba jini ya haɗa mu ba. Shi mutumin Garko ne da neman abinci ya kawo Kano, ni kuma haifaffen Gyaɗi-Gyaɗi. Amma duk lokacin da watan rasuwarsa ya kewayo, sai in ji kamar na fi 'ya'yansa maraici.

Cutar shan-inna ta shanye mini ƙafafu tun ina yaro, da hannu nake tafiya. Mahaifina ya kafe sai na yi boko, na kuwa yi. A cikin shekarun saba'in, lokacin da aka buɗe firamare ko'ina ana neman malamai ruwa a jallo, aka ba ni aji a Tarauni. Ga mai ƙafa, Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni ba tafiya ba ce. Ni kuwa sai da mota.

To a nan gizo ke saƙar. Kullum da safe in sa farar rigata, in rarrafa bakin titi, in ɗaga hannu idan na hango ƙaramar bas ɗin haya, kiya-kiya. Direba ya ga gurgu zaune a ƙasa ya miƙa hannu, me zai ɗauka? Mai tausayi ya rage gudu, ya jefo mini kwabo ta taga, ya wuce yana murna ya samu lada. Ban taɓa zarginsu da mugunta ba, abin da idonsu ya saba gani ke nan. Sai dai ni ba na isa makaranta sai an fita tara. Hedimasta ya yi haƙuri har ya gaji, ya ce idan ban gyara ba kafin ƙarshen zango zai mayar da ni ofishin ilimi a ba shi mai ƙafa. Na san abin da ke jirana idan aikin ya kuɓuce: bakin titin nan dai, amma hannun da zan miƙa a lokacin na bara ne na gaske.

Ana cikin haka, wata safiya wata tsohuwar bas ta ja birki a gabana. Direban, wato Sa'idu, ya leƙo, dogo siriri, goro ya rine masa haƙora. Ya ce, "Malam, sadaka kake jira ko mota?" Na ce mota. Ya ce, "To ai sai ka faɗa." Kamar an taɓa tambayata.

Ranar ya sauko ya ɗauke ni cak ya ajiye a gidan gaba. Ina jin ya lura raina bai so ba, don babu magidancin da ke son a cicciɓe shi kamar buhun gero a gaban jama'a. Washegari ya nuna mini wani kwalbati mai tudu, ya ce nan zan riƙa jiransa. Yakan manna motar da shi har bakin ƙofa ya zo daidai da inda nake zaune, sai in ja jiki in shige da kaina. A Tarauni babu kwalbati, sai ya sa kafinta ya yi masa 'yar matakala ta katako, tana ƙarƙashin kujera. Ba ni kaɗai ta amfana ba, tsofaffi da masu ciki duk da ita suke sauka.

Daga nan gidan gaba ya zama na wanda ƙafa ta gaza. Wani mai babbar riga ya taɓa yin ƙorafi, Sa'idu ya ce masa, "Alhaji, kai Allah ya ba ka ƙafar hawa baya." Kuɗin mota kuwa yana karɓa a hannuna kamar na kowa, in na makara ya yi mini tas, shi da bai san sauri ba sai in zai ci abinci. Wannan faɗan nasa ya fi mini daɗi da komai. Zango ya ƙare, hedimasta bai sake tayar da maganar ba.

Yau an ce akwai doka: a yi gangara a ƙofar asibiti da banki da ofis, a ware wa irinmu kujera a mota. Na gode Allah da na rayu na ga haka. Amma nakan tambayi kaina me Sa'idu zai ce. Ina jin zai yi murna, sannan ya zagaya ya duba. Zai ga gangarar da in ka hau ta da keken guragu sai ka dawo da baya, da wadda ta ƙare a ƙofar da ba a buɗewa, da gadar tsallaka titi mai matakala har sama. Zai ce magini bai tambayi gurgu ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai kuma ya ce da babu gara ba daɗi, a gyara. Wasu masu adaidaita sahu a Unguwa Uku zai sa musu albarka, don na ga masu sauka su naɗe keken fasinja su ɗaure a baya ba tare da sun haɗe rai ba.

Bai bar gida mai bene ba, motar ma ta wani ce. Ni dai na koyar har na yi ritaya, na yi aure, na aurar. Sai bayan rasuwarsa babban ɗansa ya gaya mini cewa Sa'idu ko lambar motarsa bai iya karantawa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Duk wanda ya koyi rubuta sunansa a ajina a Tarauni, ya sani a motar wannan mutumin karatun ya zo masa.