Kujerar Bakin Ƙofa

A cocinmu na Old Kent Road, wanda a da ɗakin ajiyar kaya ne, kullum bakin ƙofa nake zama, kuma ba na rufe ido idan ana addu'a. A garinmu na koyi haka, a shekarun da maza ke gadin coci daga waje har a tashi sujada.

Wata Lahadi, fasto na cikin addu'a, sai muka ji garam! Ban san lokacin da na fizgo 'yata na danne ta a ƙasa ba, ina ihu da Hausa, "Ku kwanta! Ku kwanta!" Ba wanda ya kwanta. Ashe ƙofar ƙarfen shagon maƙwabta ce ta faɗo. Jama'a suka zuba mini ido, ga leɓen yarinya yana jini.

Da aka tashi, wata dattijuwa mai nuna wa mutane wurin zama ta ja ni gefe. Ta ce, "'Yata, tsoro rashin bangaskiya ne. Mai tsaronmu ba ya barci."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Na sani, Mama. Waɗanda muka binne ma sun sani."

Amma a cikin bas, ina goge wa yarinyar baki, maganar dattijuwar ta ƙi barina.

Da Lahadi ta zagayo, na koma kujerata. Aka ce mu yi addu'a, na rufe ido ɗaya. Ɗayan kuwa, ya Ubangiji, sai ka ƙara haƙuri da ni.