Na'a-na'ar Inna Ummuhani

A Gangara aka haifi Inna Ummuhani, a nan ta yi aure, a nan mijinta ya rasu. Fura ce ta sa aka san ta. Ranar kasuwa tun da hantsi Fulani masu nono ke kewaye ta a gindin gawo, ga ƙawarta Mariyama mai ƙosai a gefe, hira ba ta yankewa sai la'asar. Daminar da ruwa ya ci ɗakinta na ƙasa, ɗanta Mansur, malamin lakol, wato makarantar boko, ya kwashe ta zuwa Gazawa, gidansa na bulo mai rufin kwano a bayan gari. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, Mushe, wato Malam, take ce masa kamar yadda 'yan lakol ke yi.

Ba su daɗe tare ba aka mayar da shi aiki Gidan Rumji. Ɗaki guda ya samu a can, sai aka ce Inna ta riƙe gida kafin su sami wuri. Ranar tafiya matarsa Hamdiya ta ajiye mata gwangwanin tumatir a bakin ƙofa, da na'a-na'a shar a ciki.

"Inna, ga amanata. Ruwa kawai take so."

"Ni da na noma gero da wake," in ji Inna, "wannan 'yar ciyawa ce za ta gagare ni?"

Da bazara ta kama, ciyawar ta nemi ta gagare ta. Ganyen ya fara naɗewa, bakinsa na ƙonewa. Ta ƙara ruwa, ya koma rawaya. Wata rana da azahar ta kai hannu za ta gyara wa gwangwanin zama, ya ƙona ta har ta sake shi. Nan ta gane ba ƙishirwa ba ce, saiwar ce ke dahuwa.

Ta ɗauko tsohuwar tukunyar ƙasa da take dafa fura a ciki, ta huda gindinta, ta zuba ƙasa da ɗan taki, ta mayar da shukar. Daga nan yininta ya sami abin bi. Da safe ta kai tukunyar jikin katanga ta sha rana mai laushi. In inuwa ta fara gajarta, ta ɗauke ta zuwa gindin randa a ƙarƙashin rumfa, ta ɗora ta kan jiƙaƙƙen yashi, ta naɗe ta da buhu mai laima. Ruwan jarkar da ta yini a rana ba ta ba ta, sai na randa, wanda ita ma take sha.

"Haƙuri za ki yi," takan ce mata. "Ni ma ba garinmu ba ne."

Maƙwabtanta ma'aikatan buro ne, wato ofis, da 'yan kasuwar iyaka. Mutanen kirki ne, suna gaishe ta ta kan katanga, amma ƙofofinsu na ƙarfe ne, kuma a rufe suke yini. Ranar Juma'a Mansur kan kira ta a salula. Ya tambayi lafiya, ta ce lau, ya tambayi cefane, ta ce akwai. In ta rasa abin da za ta ƙara, sai ta shiga ba shi labarin sabon ganye.

Ana tsakiyar zafin nan wani ɗan kabu-kabu ya kawo mata saƙo cewa Mariyama ta rasu. Inna ta yafa mayafi. Don tsoron awakin da ke haurowa, ta shigar da tukunyar ɗaki, ta rufe taga, ta kulle. Niyyarta ta kwana ɗaya, amma 'ya'yan mamaciya suka riƙe ta har sadakar uku.

A Gangara ta leƙa kasuwa. A gindin gawon wani ya kafa rumfar cajin salula. Matan da ke dama fura yanzu yara ne, ɗaya ma har ta ce mata, "Baƙuwa, a dama miki?" Inna ta ce a'a, ta gode. A gidan makoki kuwa idonta ya bushe ƙam, ta yi ta ba wasu haƙuri.

Da ta dawo Gazawa ta buɗe ɗaki, zafi ya buge ta kamar ta leƙa tanda. Na'a-na'ar ta kwanta a bakin tukunya, baƙa ƙirin, ganyen na murmushewa a hannu. Inna ta zauna a ƙasa ko mayafi ba ta cire ba, ta yi kukan da bai zo mata a Gangara ba. Ba wanda ya ji, ba wanda ya shigo.

Da ta gaji, ta datse busassun rassan har ƙasa, ta mayar da tukunyar gindin randa. Kullum tana jiƙa buhu, tana shayar da ƙasar da babu komai a kanta. Ba ta faɗa wa Hamdiya ba. Sai wata safiya ta ga 'yan kunnuwa kore sun ɓullo a gefe, ƙanana kamar ƙwayar riɗi. Ta daɗe a durƙushe tana kallonsu.

Da hutun lakol ya matso, Mansur ya kira ya ce an tura shi ƙarin karatu Maraɗi, ba zai zo gida ba sai bayan damina.

"Allah ya kai mu, Mushe," in ji ta. "Aikinka ne gaba."

Ran nan da la'asar hadari ya taso daga gabas, iska ta juya ta yi sanyi. Inna ta kwance buhun, ta fito da tukunyar tsakar gida ta sha ruwan farko. Ita kuma ta zauna a bakin ƙofa. Ruwa ya yi ta dukan kwano har ba a jin komai, sai ta ɗaga murya ta rera wata waƙar daka ta zamanin ƙuruciyarsu, tun daga farkonta har ƙarshe.