Surukina da Kofin Farko

A majalisarmu ta gindin dalbejiya, bayan babbar kasuwar Garwa, doka ɗaya ce: wanda ya kawo labarin duniya shi ke shan kofin shayi na farko. Shekaru da yawa kofin nan nawa ne. Aji uku na yi a lakwal kafin a kore ni, amma ina da rediyo, kuma ba na sayen batir na banza.

Duk shekara idan aka fara rabon lambobin yabon nan na ƙasar sanyi, ni ake jira. Ni na faɗa musu cewa mutumin da ya kafa kyautar zaman lafiya da nakiya ya yi arziki. Ni na ba su labarin Bafaranshen da aka ba kyautar rubutu ya ce ba ya so. Wani Bafulatani mai sayar da goro a cikinmu ya ce wannan ai mahaukaci ne, na ce a'a, ƙoshi ne.

Sai Allah ya jarrabe ni da suruki. Malamin lise ne, wato sakandare, mutumin Kayele, dogo kamar karan dawa, ya auri 'yata ta uku. Wata rana ya zo ɗaukar babur wajen mai gyara, ya tsaya ya gaishe mu. Maimakon ya wuce kamar ɗan mutunci, sai ya jingina da bishiya. Ina tsakiyar bayani ne cewa lambar kimiyya mace ba ta taɓa ko jin ƙanshinta ba.

"Baba, a yi haƙuri," in ji shi. "Akwai wadda ta ci sau biyu. 'Yarta ma ta ci."

Na ce, "Kana wurin?"

"A'a, Baba, ga shi a waya."

"To mu a nan ba ma karɓar shaidar waya."

Amma tsofaffin banza duk sun miƙa wuya suna leƙen hoton wata mata mai baƙar riga. Aka shiga yi masa tambaya. Ya ce wata yarinya ma ta ci ta zaman lafiya tun ba ta kai ashirin ba. Mai shayi, wanda ni na halarci sunansa, ya tsiyayo kofin farko, ya tsallake hannuna, ya miƙa masa.

Ya karɓa. Har ya kai kusa da baki.

Na gyara hula, na ce, "Sha mana, Malam. Sha a gaban uban matarka. Wataƙila a ƙasar sanyi haka ake yi."

Mai goro ya sunkuyar da kai yana cewa babu kunya, babu kunya, da Fulatanci. A garin nan suruki ko ruwa ba ya kurɓa a idon surukinsa, komai tarin takardunsa. Hannun Malam ya tsaya a iska, kofin na ƙona shi. Ya ajiye a gabana, ya ja baburinsa da ba a gama ɗaure wa sarƙa ba, ya tura da ƙafa.

Bai sake tsayawa a gindin bishiyar ba, kuma ban aika a kira shi ba. Munafukan majalisa dai kan bi ta ƙofar gidansa da hantsi, su zo da la'asar su tambaye ni abin da suka riga suka ji. Nakan ce musu ni ba na gardama da almajiran suruki. 'Yata ta daina aiko min da dambu, wai sai na ba mijinta haƙuri. Dambunta dama gishiri ke yi masa yawa.